Igiyar Injin Markaɗe da Fuskar Ɗan Fari

Ku matso kusa. Wannan ba irin tatsuniyar da ake yi wa yara a gindin murhu ba ce. A kan waya ta zo, ta sauka a ɗakin ƙofar gidanmu a Yelwa, ni kuma ina wurin.

Ni mace ce da ba a sani da dariya ba. Ko a gidan biki, in na zauna, sai mata su rage murya kamar an shigo karɓar gaisuwa. Ban ga laifinsu ba, haka aka tashe ni. Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, kunyar da ta bar mana gado kuwa ta fi ta maƙwabta kauri, balle kunyar ɗan fari. A gidanmu, ɗan da mace ta fara haifa ba nata ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta tsayar da ido a kansa.

Nawa a gungu, tsibirin tsakiyar kogi, na haife shi, tun kafin a datse kogi ruwa ya cinye tsohon garinmu. Ranar da aka yaye shi, uwar mijina ta goya shi ta wuce sashenta. Ita yake kira Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, kamar wata babbar 'yar'uwarsa, har ya yi gemu. Ni ma in ta kama dole in ambace shi, sai in ce Wancan, kowa ya gane.

Na san shi sarai, amma daga gefe. Na san ƙeyarsa, na san tarinsa, na san yadda yake jan takalmin hagu in ya gaji. In ya zo gaishe ni sai ya durƙusa a bakin ƙofa kansa a ƙasa, ni kuma in juya ina gyara abin da bai lalace ba. Fuskarsa sai dai wulgawa, yadda kifi ke juyawa a ruwa ka ga ƙyallinsa ya ɓace. Akwai hotonsa a bangon ɗakinsa, na ji ana faɗi. To amma uwa ta shiga ɗakin ɗan fari ta tsaya gaban hotonsa? Kafin la'asar labarin ya kai bakin ruwa, masu jirgi sun haye da shi.

Ana nan ana nan, aka yanke mana jiharmu daga Sakkwato, aka ce kowa ya koma gida ya yi aiki. Sai aka dawo da Wancan. Aikinsa gyaran rediyoyin da ma'aikata ke magana da juna da su. Ashe aikin bai ishe shi a ofis ba, har gida ya biyo shi. Ya sauke akwatuna a ɗakin ƙofa, ya rufe kansa a ciki, gida ya ɗauki ƙaurin dalma.

Duk abin da na sani game da ɗakin nan daga bakin matarsa na ji. Surukata malamar firamare ce, yarinya mai sakin fuska, ita ce ke kirana Inna da bakinta duka. In muna tsintar shinkafa sai ta riƙa ba ni labari tana kallon faranti, ni ma ina kallon faranti, kamar da shinkafar muke magana.

Ta ce rediyo ne, amma ba ya waƙa, ba ya labarai. Magana ake yi a cikinsa, wani a bayan teku ya amsa. Ta ce a kowace ƙasa akwai irinsu, ba wanda ke biyansu, sha'awa ce kawai irin ta masu kiwon tantabara. Gwamnati ta ba shi takardar izini, ta kuma raɗa masa wani suna na haruffa da lamba, da shi ake kiransa a iska. Wannan ya ɗan ba ni haushi. Mutanen da ba su san zafin haihuwarsa ba suna ta kiransa da rana tsaka, yana amsawa yana dariya.

Ya ja wata doguwar waya daga kan giginyar bayan gida zuwa gorar tuƙin jirgin marigayi mijina, wadda ya kafa a tsakar gida. Ya roƙi kada a yi shanya a kanta. Ban ce na ji ba. Amma daga ranar duk wadda ta nufi wayar nan da jiƙaƙƙen zane, da ido ɗaya nake mayar da ita.

Can bayan damina ya kawo kwamfuta. Daga nan kukan ya fara.

Kuka iri biyu ne, har na iya rarrabe su daga ɗakina. Akwai wanda yake kamar kwaɗi biyu suna musu, wannan ya ce wancan ya ce. Surukata ta ce wannan rubutu ne, wani ya danna haruffa a garinsu su fito a gilashinmu. Akwai kuma wanda yake kamar an tara 'yan tsaki a cikin tulu an rufe, ga gyare yana taya su.

"Wannan hoto ne, Inna," in ji ta.

Na ce, "Hoto ba ya kuka."

"Mayar da shi kuka ake yi, ya taho ta iska. Wayar can ta kama, rediyo ya miƙa wa wani ɗan gwangwani, gwangwanin ya miƙa wa kwamfuta. Ita kuma ta saƙa shi a gilashi, zare bayan zare, daga sama zuwa ƙasa, kamar tabarma."

"Wane gwangwani?"

"Na kifi. Shi ya haɗa 'yan ƙarafa a ciki da hannunsa."

A garin da ake banda giwan ruwa a kowane lungu, Wancan ya je ya sayo kifin gwangwani don ya sami gidan ajiye ƙarafa. Ta ce kuma akwai wani ɗan baƙin faifai mai kusurwa huɗu da ake zura wa kwamfutar, a cikinsa karatun yake, shi ke koya mata jin yaren kukan. In babu shi, ita ma kuka kawai take ji, kamar ni.

Matan unguwa suka yi ta zuwa kallo. Su fito suna tafa hannu: wai sun ga wani Bature da karensa, wai sun ga gida ƙanƙara ta rufe shi har taga, wai wani ya aiko da hoton furanni kawai, ko mutum babu. Su ce, "Ke ba ki zuwa?" In ce abin yara ne.

Na'urar nan tana da abokiyar gaba guda ɗaya, kuma jinina ce. Taubashiyata, ɗiyar kawuna, katanga ɗaya ta raba mu. Tun muna 'yan mata kowace ke cewa ɗayar baiwarta ce, har muka zubar da haƙora ba a raba gardamar ba. Tana da injin markaɗe mai shan fetur, tsoho, mai tari kamar mai shi. In ya tashi, hoto ya lalace, fararen zane-zane su cika gilashi kamar kaza ta yi tono. Wai tartsatsin da ke cikin injin ne ke tofi a iska. Wancan ba ya iya ce wa uwarsa ta wasa ta kashe abin sana'arta, sai dai ya jira ta tashi.

Kwanci tashi, abubuwa biyu suka zo mini tare. Yanar ido ta rufe mini na hagu, ta fara leƙa na dama. Ban gaya wa kowa ba. Taubashiyata ce kawai ta lura, ranar da ta ga ina laluben bakin kofi kafin in zuba ruwa, amma ba ta tsokane ni da shi ba, abin da ba halinta ba. Na biyu, aka kira Wancan wani aiki can bakin teku, ba na wata ɗaya ko biyu ba. Bayan Sallah zai tafi, da iyalinsa, da akwatunansa.

Sai na zauna na yi lissafin da ba na kuɗi ba. Ido ɗaya ya rage, shi ma yana haɗa kayansa. Yaro kuma yana haɗa nasa. Fiye da shekara arba'in ina jin mutane na cewa ya yi kama da wane, a'a da wance ya yi kama, ni da na haife shi ba ni da bakin shiga gardamar.

Wata Laraba muna tsintar shinkafa surukata ta ce wa faranti, "Gobe baban yara zai bi jirgi zuwa Warra. Ya gyara wa wani abokinsa rediyo irin nasa, zai gwada. Ya aro kyamarar da ake ɗaukar biki da ita. Ranar Juma'a da hantsi zai aiko da hoto, ni zan zauna a gaban na'ura."

Na ci gaba da tsinta.

"Ni ba ni da izinin magana a ciki, don haka ba zai san ko ya iso ba. Ya ce zai yi ta aikowa yana maimaitawa har ladan ya yi kiran farko. Ya zaɓi Juma'a ne don Goggo ba ta markaɗe ranar."

Goggo ita ce taubashiyar tawa. Na ci gaba da tsinta. Na tsinci shinkafa mai kyau na jefar, na bar tsakuwa.

"Hoton kansa zai aiko, Inna."

Na ce, "Allah ya kyauta. Babba da shi."

Amma ɗoki ya hana ni barci. Kamar yarinyar da aka ce gobe za a je da ita kasuwa a jirgin inji.

Juma'a da safe na yi wanka tun kafin rana ta yi zafi. Na ɗauko tandun kwalli, wanda rabona da shi tun takaba, na zizara. Na gaya wa kaina magani ne. Na ɗauki tsintsiya na je ina share ƙofar ɗakin nan, wurin da aka riga aka share. Dabarar shiga kuwa ba ni da ita. Na dai ce in kukan ya fara, wataƙila Allah ya kawo iska ta ɗaga labule.

Kukan 'yan tsaki ya fara. Bai yi nisa ba sai na ji tari daga bayan katanga. Tari ɗaya, tari biyu, inji ya kama.

Ashe biki ake yi a unguwa, an kwana da jiƙa shinkafar waina da wake, mata sun yi layi da robobi. Surukata ta leƙo, fuskarta kamar za ta yi kuka. "Inna, ba abin da ke fitowa sai zane-zane. Saman hula kawai na gane."

Na jingine tsintsiya. Na yafa mayafi, na zagaya.

Na tarar da ita a tsaye kan injin, gari ya yi mata fari har gira, tana tura wake da muciya. Ta dube ni, ta sake dubana, ta daka wa matan tsawa a kan ƙarar inji: "Ku duba mini baiwata. Yau mi ya fito da ke, har da kwalli?"

Na ce, "Kaina ke ciwo. Kashe wanga abu."

"Kai ke ciwo, ko ido ke ƙaiƙayi?"

"Na ce ki kashe."

"Sai in kashe, mutane su ci mi a biki? Kwallinki?" Ta matso da bakinta kusa da kunnena, amma da ƙarfin da kowa zai ji. "Faɗi sunan wanda kike son gani. Sunansa na yanka. In kin faɗa, in kashe shi har gobe."

Mata suka kwashe da dariya. Na tsaya kamar turmi. Ta san ko wuƙa aka sa mini ba zan faɗa ba. Daga bayan katanga ina jin 'yan tsakin nan suna yi, su yi shiru, su sake farawa. Kowace farawa fuskarsa ce ke zuwa ƙofar gida tana komawa. Inuwar katanga kuwa sai janyewa take.

Sai injin ya yi tari mai tsawo, ya shaƙe, ya mutu. Fetur ya ƙare. Ta sunkuya tana kwance bakin galan tana zaginsa da uwarsa da ubansa.

Injin nan ba ya tashi sai da igiya. Wata 'yar igiya ce mai ɗan itace a kai, a naɗa ta a wuyan injin a fizga. In ya tashi sai ta rataye ta a ƙusa. Ga ta nan a ƙusa, tana lilo, daidai hancina.

Ku da ba ku sani ba, tsakanin taubasai ɗauka ba sata ba ce. Ita ma ta taɓa ɗauke mini zakara ranar jajibiri, ta aiko mini da ƙafafu. Na miƙa hannu na zare igiyar, na cusa a ƙugu, na gyara mayafi. Na juya a hankali irin tafiyar da aka san ni da ita. Na yi taku kaɗan.

Wata yarinya mai robar wake ta ce, "Goggo, igiyarki ta tafi."

Sai na ruga.

Rabona da gudu tun ranar da dorina ta taso mana muna wanki a bakin gungu. Ban san ƙafafuna sun tuna ba. Ba zan ce gudu ne mai kyau ba. Akuyar da ke kwance a lungu ta dube ni ba ta ga dalilin tashi ba. Amma ni a raina iska nake yi. Na ji wani abu na tasowa daga ƙirjina, yana kumfa kamar fura ta kwana, na danne shi da haƙora.

Bayana taubashiyata, muciya a hannu, tana haki tana cewa, "Ku tare mini ɓarauniya. Ku tare tsohuwar banza." Bayanta matan biki da robobi a ka, don ba wadda za ta bar ƙullunta, kuma ba wadda za ta bar wannan kallo. Muka zagaya katanga, muka shiga zaure, muka faɗa tsakar gida. Na nufi ɗakina. Ta sha gabana, ta ɗaga muciya. Na nufi madafa, ta sake tarewa. Ƙofa ɗaya ta rage a buɗe a gidan nan duka.

Kowa ya shaida, har gobe akwai masu rai a cikinsu: ba shiga ɗakin Wancan na yi ba, kora ni aka yi.

Ɗakin ƙarami ne, ga mu mun cika shi, ga warin wake da fetur da dalma. Batura manya irin na babbar mota a ƙarƙashin tebur, don wutar gari sai ta ga dama take zuwa, duk da madatsar tana kusa da mu. Ga rediyon da 'yar koriyar fitila. Ga gwangwanin kifin, har da hoton kifi a jikinsa, wayoyi sun fito masa ta gefe kamar gashin bakin tarwaɗa. Ga gilashin, baƙi, ba komai.

Ba kuka. Sai wani shuuu kamar ruwan sama daga nesa.

Muka jira. Ba wadda ta ƙara maganar igiya. Surukata ta ɗora hannu a kan wani maɓalli tana juya shi kaɗan-kaɗan. Wani mai babur ya wuce ta ƙofar gida, rediyon ya yi ƙara, taubashiyata ta leƙa taga ta bi shi da addu'ar da ba ta alheri ba. Ni kuwa ina sauraren masallaci. Na ce a raina, ya gaji. Ya ga rana ta yi, ya naɗe kayansa, ya tafi alwala.

Sai murya ta fito daga cikin shuuu ɗin, siririya, kamar mai magana ta cikin kara. Ya faɗi haruffansa na Turanci. Sa'an nan ya yi tarin nan da na sani, ya ce da Hausa, "To, ga shi nan kuma."

'Yan tsaki suka ɓarke.

Zare na farko ya bayyana a saman gilashi, shuɗi. Na biyu ya kwanta a ƙarƙashinsa. Sararin sama ne, sai ganyen wata bishiya, sai ga saman hula. Amma duk abin a karkace yake saukowa, kamar rumbun da iska ta tura. Surukata ta ce na'urar can da ta nan ne ba su daidaita tafiya ba, akwai abin da ake dannawa, ta manta wanne ne. Na waiga, na ga mata cike da ɗaki kowace ta karkatar da kai gefe guda, har mai roba a ka, ƙullu na ɗiga mata a kafaɗa ba ta sani ba.

"Ku kauce," in ji taubashiyata. Ta cire takalminta na roba, ta ɗaga gefen akwatin gilashin, ta cusa. Hula ta miƙe tsaye. "Boko ba ta kai nan ba," in ji ta. Sa'an nan ta kama ni ta kafaɗa ta tura gaba. "Ku ba tsohuwa wuri. Ba gani take ba, kada ta ce an cuce ta."

Na sami kaina hancina kusa da gilashi. Hula ta gama sauka. Goshi ya fara, zare bayan zare. Ga wani ɗan tabo a gefen hagu, na faɗuwar da ya yi daga jirgi yana yaro, wanda na ji labarinsa ta bayan zana ban je ba. Ga gira.

Da na ga idanu za su fito, sai kaina ya sunkuya da kansa. Wallahi ba ni na sa shi ba. Wuyan da ya saba shekara da shekaru ba ya neman izini. Na sami kaina ina kallon ƙafar taubashiyata marar takalmi, kukan yana ta tafiya a kaina.

Sai na ji hannu mai gari ya kama haɓata. Ta ɗaga ta a hankali. Muryarta ta sauka, ba irin wadda na sani ba.

"Ba shi ba ne. Shi yana Warra. Inji kike kallo, baiwata. Kalli inji."

Na kalli inji.

Idanun mahaifina ne. Su ne sak, har da yadda na dama ke ɗan lumshewa in rana ta dake shi. Hancin na uwar mijina ne, to, ta ci wannan, Allah ya jiƙanta. Kumatu sun fi yadda nake zato cika. Zaren ya ci gaba da sauka, ya kawo gashin baki, sai ga leɓe a buɗe, yana yi wa mai riƙe da kyamara dariya. A tsakiyar haƙoransa na sama ga wushirya, fili guda, har ka zura tsinke. Sai gemu, da furfura a ciki. Furfura. Yaron da aka ɗauke mini a goye yana tsotsar yatsa, wai shi ne da furfura, ya sa hula a karkace kamar ɗan kamasho.

Abin nan da na danne tun a lungu ya ƙwace. Ya fito ta hanci tukuna, sa'an nan ta baki. Na yi dariya har na dafa tebur. Na yi har hawaye suka wanke kwallin, suka zubo baƙi. In na tsagaita in ɗaga ido in ga furfurar, sai ta dawo sabuwa. Mata suka bar kallon gilashi suka koma kallona. Wata tsohuwar maƙwabciya, wadda muka yi shekara ashirin muna ɗebo ruwa tare, ta leƙa bakina ta leƙa gilashi, ta ce, "Ashe ga inda ya samo wushiryar. Mu ba mu taɓa ganin taki ba."

Nan ɗakin ya rushe. Taubashiyata ta zauna a ƙasa tana bugun cinya. Surukata ta rufe fuska da gyale kafaɗunta na rawa. Mai roba ta ƙarasa zubar da ƙullunta a kan tabarmar Wancan, ba wadda ta kula.

Kukan ya tsaya. Can masallaci ladan ya ɗaga murya.

Hoton bai tafi ba. Surukata ta ce haka yake zama sai an kashe, ita kuwa ba ta ga abin gaggawa ba, tana da tukunya a wuta. Mata suka tuna da biki suka fita ɗaya bayan ɗaya. Taubashiyata ta sa hannu a ƙuguna ta zare igiyarta, ta ce in kula mata da takalmi kada a sace, tun da gidan ɓarayi ne. Ta fita tana ɗingishi da ƙafa ɗaya.

Na zauna gadin takalmi har aka sauko daga masallaci. Na bi fuskar nan daga hula zuwa gemu, na sake hawa, na sake sauka. Ina nan zaune na tuna akwai akuyoyi ɗaure a gidan taubashiyata, igiyar kowace daga cikinsu za ta tayar da injin nan. Ban taɓa yi mata maganar ba. Da na yi, da ta ce ƙarya nake, ta ƙara da zagi.

Washegari da yamma jirgin Warra ya iso. Na ji jan takalmin hagu a zaure. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata, ni kuma na juya ina gyara murfin kwalla.

"Yaya, na dawo."

"Sannu da hanya. An ce injin ya yi aiki."

"Ya yi." Ya gyara durƙuso. "An ce kuma an yi sata a unguwa."

"Ban ji ba."

Na ji yana danne wani abu ta hanci, irin yadda nake dannewa. Na ƙara riƙe murfin kwalla. Ya yunƙura zai tashi, sai na ce wa bango, "In za a je garin mutane, a riƙa gyara zaman hula."

Sa'an nan na ji motsin hannu a kan hula.

"To, Yaya," in ji shi.

Bayan Sallah suka tafi. Ya kwance wayarsa daga giginya, ya bar mini gorar a tsakar gida. Idon dama ya ƙara damina biyu ko uku, sa'an nan ya bi ɗan'uwansa. Yanzu in kaza ta ƙyanƙyashe a gidan nan, 'yan tsaki suka taru gindin gorar suna kuka, sai in ce wa jikoki su yi shiru. Su ɗauka barci nake ji. Ni kuwa hula ce ke saukowa, a karkace.

Iyakarta ke nan. Wanda ya ce ƙarya ce, ya je ya tambayi takalmin.